Idan aka kai hari yau, wa zai fara isowa, kuma wa zai ba da umarni?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da yake na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin ɗamara, akwai ma'aikatan lafiya da malaman makaranta, na ga ya dace in kawo ta gabanku.

Ina cikin Kano ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, lokacin da aka kai hare-hare kusan a lokaci guda a kan hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da ofishin shige da fice, da na jami'an tsaron farin kaya, da wasu ofisoshin 'yan sanda, inda aka rasa rayuka aƙalla 185. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan yammacin shi ne yadda jama'a ke gudu ba tare da kowa ya san inda ya dosa ba, har ka ga waɗanda suka baro wata unguwa suna cin karo da waɗanda suka nufe ta, kowane ɓangare yana zaton can ne tsira. Babu wata murya ta hukuma da ta ce mana ku bi nan, ku kauce wa can, sai daga baya muka ji sanarwar dokar hana fita.

Daga wancan lokaci zuwa yau an yi abubuwa da dama a takarda. An yi dokar yaƙi da ta'addanci a 2011, aka yi mata gyara a 2013, sannan aka maye gurbinta da wata sabuwa a 2022. An fitar da tsarin yaƙi da ta'addanci na ƙasa a 2014, kuma akwai cibiyar yaƙi da ta'addanci a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, tun 1999, jihohi suna da hukumomin agajin gaggawa nasu, ga kuma lambar kiran gaggawa ta 112. Tambayata ita ce, idan Allah ya kiyaye aka kai hari yau a kasuwa ko tasha ko masallaci, shin duk waɗannan sun canza abin da zai faru a sa'ar farko? Wa zai fara isowa, wa zai ba da umarni, kuma ina za a kai waɗanda suka jikkata? Ina roƙon a bar siyasar jam'iyya a gefe.

Tsohuwar Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Fagge, zan amsa maka ɓangaren da na sani, wato tambayarka ta ƙarshe, domin ina bakin aiki a wani asibiti ranar 28 ga Nuwamban 2014 da aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, inda fiye da mutum 100 suka rasu.

Waɗanda suka fara isowa wurinmu ba a motar asibiti aka kawo su ba. A a-daidaita-sahu aka kawo su, da motocin gida, da bayan akori-kura, kuma waɗanda suka ɗauko su 'yan agaji ne da samarin unguwa da masallatan da Allah ya kuɓutar. Na ga dattijon da aka ɗaure wa cinya da rawaninsa, kuma wanda ya yi wannan ɗaurin, ko wane ne shi, shi ya ceci ransa kafin mu taɓa shi. Cikin ɗan lokaci gadaje suka ƙare, muka koma duba mutane a ƙasa, a baranda, muna tsallake wannan mu kai ga wancan, 'yan'uwan majinyata kuma sun cika ƙofa kowa yana kiran sunan nasa. A irin wannan hali mai ihu shi yake jan hankalin ma'aikaci, alhali wanda ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi, idonsa ya fara lumshewa, shi ne yake zubar da jini ta ciki, shi ne kuma ya fi kusa da mutuwa. Shi ya sa a ka'idar aiki ake tsayar da gogaggen ma'aikaci ɗaya a bakin ƙofa wanda aikinsa kawai tantancewa, yana maƙala wa kowa alama, ja ga wanda ba zai iya jira ba, rawaya ga wanda zai iya jira kaɗan, kore ga mai tafiya da ƙafarsa. Mun san wannan a littafi, amma ba mu taɓa gwada shi tare da masu gadi da masu shara da direbobi ba, don haka a ranar kowa ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi.

Maganar jini ma haka take. Jama'armu ba su da rowar jini, domin da aka yi shela matasa sun yi dogon layi. Sai dai jinin da aka ɗiba yanzu ba a ƙara wa mutum shi yanzu, dole a gwada shi a san rukuninsa, a tabbatar ba ya ɗauke da cuta, wannan kuwa yana buƙatar ledar jini da kayan gwaji da ma'aikacin da zai yi, da firiji mai wuta. Wanda ake yi wa tiyata a sa'ar farko da jinin da ke ajiye tun jiya yake rayuwa.

Abu na uku shi ne rabon majinyata. Kowa asibitin da ya fi kusa yake nufa, sai wuri ɗaya ya cika maƙil alhali wani asibitin da ke da ɗakin tiyata da likitoci yana zaune. Da akwai wanda ke riƙe da jerin asibitocin gari, ya san gado nawa ne babu kowa a kowanne, yana tura direbobi ta waya, da an rage asara. A Faransa, a safiyar ranar 13 ga Nuwamban 2015, ma'aikatan agajin gaggawa na birnin Paris sun yi atisaye a kan yadda za su tunkari harbe-harbe a wurare da yawa lokaci guda, kuma a daren ranar aka kai harin da ya kashe mutum 130. Atisayen bai hana harin ba, amma kowa ya san wurin tsayuwarsa.

Dokoki kam akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan jinya. Dokar 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Amma har na yi ritaya ina haɗuwa da ƙananan ma'aikata, musamman a asibitocin kuɗi, da ke tsoron taɓa mai raunin harsashi don kada su kwana a caji ofis.

Mai Ritaya ya amsa:

Hajiya ta yi bayanin abin da ke biyo bayan hari, Allah ya saka mata. Ni na yi shekaru a aikin ɗamara, kuma ina so in ja hankalin ɗana Ɗan Fagge zuwa ga abin da ke gabanin harin, domin a nan ne nake ganin rauninmu ya fi yawa. Mutane sukan ce ba mu da bayanan sirri, ni kuwa abin da na gani shi ne bayanan suna zuwa, abin da ake rasawa shi ne wanda zai ɗauke su ya mayar da su umarni, da mota, da mai, da mutane a wurin da aka ambata.

Ɗauki harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris ɗin 2022. A watan Oktoban 2021 an riga an tayar da nakiya a kan wannan layin dogo, kuma kwana biyu kafin harin 'yan bindiga sun kutsa yankin filin jirgin saman Kaduna. Bayan abin ya faru, ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin amma ba a amince ba, gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, shi ma ya ce gwamnatinsa ta ba da shawara a rubuce cewa a dakatar da tafiyar dare. An kashe aƙalla mutum 8, aka sace fiye da 60, kuma rukunin ƙarshe na mutum 23 ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a watan Oktoba. Wata uku da 'yan kwanaki bayan harin jirgin, ranar 5 ga Yuli, aka fasa gidan yarin Kuje da ke cikin babban birnin tarayya, fursunoni fiye da 800 suka fice, cikinsu har da mutum 64 da ake tsare da su bisa zargin alaƙa da Boko Haram. Shugaba Buhari da kansa ya je wurin washegari ya nuna takaicinsa a kan yadda aka tafiyar da bayanan sirri. Kafin waɗannan, ƙungiyar Amnesty ta ce an sanar da sojoji fiye da sa'a huɗu kafin a kwashe 'yan matan Chibok 276 a 2014, ko da yake rundunar ta musanta. A Dapchi kuwa, bayan sace 'yan mata 110 a watan Fabrairun 2018, sojoji suka ce sun miƙa tsaron garin ga 'yan sanda kafin su janye, 'yan sanda suka ce ba wanda ya miƙa musu komai.

Wannan jayayya ta Dapchi ita ce amsar tambayarka a kan wa zai ba da umarni. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaro na jiharsa, amma a tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, kuma kwamishina yana da damar neman a kai umarnin gwamna Abuja kafin ya aiwatar. Kwamandan soja kuma nasa shugabannin yake saurare. Idan aka yi sa'a waɗannan mutane suna ɗasawa, aiki yana tafiya. Idan aka yi musu canjin wurin aiki, sai a koma farko. A inda na yi aiki na ga ranar da jami'ai daga ɓangarori uku suka isa wuri ɗaya, oba-obar wannan ba ta magana da ta wancan, muka koma kiran juna da wayar hannu, wani ma sai da ya aiki yaro ya sayo masa kati. Minti talatin ɗin da aka ɓata ana tambayar wa ya fi muƙami sun ishi maharan su yi nisa.

Ba zan ce ba a ci gaba ba. Hare-haren bam a manyan birane sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da 2011 zuwa 2015, kuma wannan bai samu ba sai da jinin jami'ai masu yawa da ba a ma san sunayensu ba. Amma raguwar hari takan sa a saki jiki, kuma hare-haren ƙunar baƙin wake na Gwoza a ƙarshen watan Yunin 2024, wanda ɗaya a wurin biki aka kai shi, sun nuna cewa masu wannan aiki ba su manta da shi ba.

Matafiyi ya amsa:

Baba Mai Ritaya, abin da ka faɗa game da saɓanin jami'ai ya tuna mini da Kenya. A watan Satumban 2013 'yan al-Shabab suka shiga rukunin kantunan Westgate a Nairobi, aka kwana huɗu ana fama, mutum 67 suka mutu. 'Yan sanda na musamman sun riga sun shiga sun fara takura maharan, sai sojoji suka iso ba tare da an daidaita tsakaninsu ba, har aka yi harbin kuskure da ya kashe wani babban jami'in 'yan sandan, aiki ya tsaya cak. A watan Janairun 2019 aka sake kai irin wannan hari a harabar otal ɗin DusitD2 a birnin. Wannan karon an bar jagorancin a hannu ɗaya, an killace wurin da wuri, motocin asibiti sun jeru a waje, an fitar da mutum fiye da 700, kuma an gama cikin ƙasa da kwana ɗaya, ko da yake an rasa mutum 21. Kenya ba ta fi Najeriya kuɗi ba.

Indiya ma ta sha irin wannan kunya. A harin Mumbai na Nuwamban 2008, mutum 10 kacal suka riƙe birnin kusan kwana uku suka kashe 166, saboda zaratan dakarun da aka horar don wannan aiki suna kusa da Delhi, sai da aka shafe sa'o'i da yawa kafin su iso. Bayan haka sai gwamnati ta kafa musu sansanoni a Mumbai da wasu manyan birane, ta kuma kafa hukumar bincike ta ƙasa a kan ta'addanci. A Ingila, binciken da aka yi a bainar jama'a kan harin Manchester na 2017 ya fallasa cewa 'yan kwana-kwana ba su isa wurin ba sai bayan kimanin sa'a biyu saboda ruɗanin sadarwa, kuma shugabannin hukumomin sun fito sun nemi afuwar iyalan mamatan. A wurinmu kuwa an saba a kafa kwamiti, a ɗauki hoton miƙa rahoto, daga nan sai a ji shiru, iyalan waɗanda aka kashe ba su ga abin da ke ciki ba, ƙaramin jami'in da ya kamata ya koyi darasi shi ma bai gani ba.

Malamin Ƙauye ya amsa:

Ina girmama duk waɗanda suka yi magana, amma ku yi mini afuwa, kusan duk misalan nan na birni ne. Tun farkon 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, don haka ƙauyukanmu ma suna cikin wannan tambaya. A garin da nake koyarwa, idan kana son sabis sai ka hau wani tudu da ke bayan makaranta, kuma ofishin jami'an tsaro mafi kusa tafiyar fiye da sa'a ɗaya ce a babur idan rani ne. Lambar gaggawa ba ta da amfani ga wanda wayarsa ba ta da sanda ko ɗaya. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, an yi ne don a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma manomin da ya hango babura sun taso shi ma ya rasa yadda zai sanar.

An ƙaddamar da shirin kare makarantu tun 2014 bayan Chibok, duk da haka aka kwashi ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, aka kwashi 279 a Jangebe bayan wata biyu da rabi, aka sake yi a Kuriga a watan Maris ɗin 2024. A Kuriga da farko an ce yara 287 ne, daga baya hukuma ta ce 137 ne, su ne kuma aka sako. Ni da nake riƙe rajistar aji na san abin da wannan yake nufi: a makarantu da yawa babu wanda zai iya faɗa maka da ƙarfe goma na safe yara nawa ne suke cikin harabar. Ban ga na'urar da za ta maye gurbin wannan ba.

Game da saurin kai ɗauki kuma, ina so a tuna da Tudun Biri, inda a Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Mauludi, mutane da dama suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Da akwai hanyar da za a tambayi mai unguwa ko dagaci kafin a yi harbi, da an san taron mene ne. Mutanen ƙauye su ne suka fi kowa sanin baƙuwar fuska, amma wanda ya kai rahoto yau ya ji gobe 'yan bindiga sun san sunansa, ba zai sake buɗe baki ba, maƙwabcinsa ma haka. Jihohi irin su Katsina da Zamfara sun kafa rundunonin tsaron al'umma, kuma su ne sukan fara isowa, sai dai idan babu horo da hukunci ga wanda ya wuce gona da iri, rikicin ƙabilanci za a ƙara hurawa.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, na ƙaru. Malam, ka yi gaskiya, tambayata ta ɗan birni ce. Abin da na lura da shi a bayanin Hajiya da naka shi ne, a birni da ƙauye, mutanen wurin ne suke fara isowa. Ina cikin kwamitin masallacin Juma'ar unguwarmu, kuma muna da 'yan agaji kusan 30 da aikinsu bai wuce shirya sahu da tare hanya ba. Hajiya, idan za mu nemo wanda zai horar da su, me ya kamata a fara koya musu?

Tsohuwar Nas ta sake amsawa:

A fara koya musu hana jama'a taruwa a wurin, domin masu kai hari sukan ajiye bam na biyu don masu kawo ɗauki, kamar yadda aka yi a kasuwar Taminus ta Jos a watan Mayun 2014, inda na biyun ya tashi bayan mutane sun taru, aka rasa aƙalla 118. Bayan wannan sai tsayar da jini. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure ta saman raunin da ƙyalle mai faɗi, a sa ɗan itace a murɗa har sai ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure ko da a goshin mutumin ne, kuma kada a kwance sai a asibiti. Kada a zare ƙarfe ko gilashin da ya shige jiki, kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani, kada a ba shi ruwa komai roƙonsa domin mai yiwuwa tiyata za a yi masa. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe.

Ƙungiyar Red Cross tana ba da irin wannan horo, ku tuntuɓi reshenta na jiha. Ku kuma haɗa da masu a-daidaita-sahun da ke tsayawa a bakin masallacin, tunda su ne za su yi jigila, kowannensu ya san asibitoci uku ko huɗu masu ɗakin tiyata da hanyar da ta fi sauri zuwa kowanne. Idan kun sa rana ka sanar da ni a nan, in Allah ya ba ni lafiya zan zo da bandeji mu gwada a tsakar masallacin.